Ranar da Melenaite Ta Katse Gwaggonta

Melenaite Fifita ta ƙare ƙuruciyarta da tsufanta tana sauraron teku a tashar rediyon jiragen ruwa ta tsibirinmu na Vava'u. 'Yar masunci ce. Ta yi karatun sadarwar jiragen ruwa a babban birni, ta dawo da takardar shaida, daga baya ma ita ta horar da yawancin waɗanda suka gaje ta. Sai dai a ganina takarda ba ta nuna komai illa cewa mutum ya san doka. Ko zai tsaya a kanta, ba a sani sai dokar ta ci karo da wanda yake jin nauyinsa.

A wancan zamani ƙa'idar aikin ita ce, kowane rabin awa a yi tsit na minti uku a layin neman agaji, domin a ji muryar ƙaramin jirgin da rediyonsa ya yi rauni.

Wata rana da hantsi, tana sabuwar ma'aikaciya, shirun ya fara ke nan sai murya ta cika layin. Seluvaia ce, yayar mahaifinta, tana tafe a jirgin fasinja daga tsibiran Ha'apai. Ta karɓe abin magana daga hannun matuƙin, shi kuwa bai iya hana ta ba. A wurinmu gwaggo ke raɗa wa 'ya'yan ɗan'uwanta suna, ita ke zama a sahun gaba a biki da makoki, kuma ba a tsallake maganarta.

"Melenaite, ki gaya wa ubanki aladun bikin ƙanenki su zama masu ƙiba," in ji Seluvaia. "Na bara sai ka ce karnuka."

Melenaite ta amsa, "Jirgin da ke magana, a yi shiru. Lokacin sauraro ne."

"Ke 'yar nan, da wa kike? Ni na raɗa miki sunan da kike taƙama da shi."

"A yi shiru, a koma wani layi."

Kowane masunci da ke teku ya ji. Kafin azahar labarin ya kai kasuwa, kafin magariba mahaifinta ya aiko cewa kada ta taka gidansa, kada kuma a gan ta a bikin ƙanenta, sai gwaggonta ta huce.

Babu wanda ya nemi agaji a cikin mintocin nan, kuma masu zarginta da wannan suka kafa hujja. Hujjar ba ta da ƙafa. Mai sauraro bai san ranar da za a kira ba. Da ya sani, da ba a bukatar shirun. Dokar da za a ɗage wa gwaggo yau, gobe fasto da basarake za su nemi a ɗage musu, har ta zama babu.

Melenaite ta bi al'ada. Ta ɗaura tsohuwar tabarma a ƙugu, ta rataya ganyen ifi a wuya, alamar mai neman afuwa, ta zauna a ƙasa a ƙofar Seluvaia, kai a sunkuye. Tsohuwar ta bar ta cikin rana har ta gama ninke tabarmin biki, sannan ta fito.

"Me ya kawo babbar ma'aikaciya gidan talaka?"

"Na zo neman gafarar kunyar da na ba ki, Gwaggo."

"To, in na sake kira gobe fa?"

"Zan sake cewa a yi shiru."



"Wannan taurin kai ba na ubanki ba ne," in ji Seluvaia. "Shi ko kaza ba ya iya kora daga ɗaki. A wurina kika ɗauko."

Ta sunkuya ta cire mata ganyen da hannunta. "Tashi ki shiga ki taya su feraye doya. Ni zan yi wa ubanki magana."