Amaryar Farfesa da Gishirina

Ko da zan manta ranar da aka miƙa mini takardar digirina na uku, ba na jin zan manta makonni ukun da na yi ina jinyar wata halittar teku a falona na Taman Melati, wata unguwa a Kuala Lumpur. Har yau idan na ga matata tana barbaɗa gishiri a miya sai in kau da kai, ita kuma ta yi ta dariya.

A lokacin saura wata ɗaya da 'yan kwanaki bizata ta ƙare, kundina kuma yana kan teburin malamata, wata Farfesa 'yar ƙasar, mai fara'a amma mai wuyar sa hannu. Idan ba ta sa hannun nan ba kafin bizar ta ƙare, sai dai in tattara iyalina mu koma gida, wahalar shekara huɗu ta tashi a banza. Ga shi matata ta haihu bai fi kwana goma ba, mahaifiyarta ta zo daga Katsina don wankan jego.

Ana cikin haka Farfesa ta kira ni ofis ta ce za ta tafi Umara ita da mijinta, tana neman wanda zai riƙe mata wata dabbarta. Ta ce, "Boleh?" wato "Zai yiwu?" da yarensu. Ni da nake neman hanyar shiga ranta, ban ma tambayi wace irin dabba ba ce, na ce, "Boleh, Prof, very boleh!" A zatona kyanwa ce.

Washegari sai ga su da akwatin gilashi cike da ruwan gishiri da duwatsu, da fanka ƙarama a samansa, da buhun gishiri na musamman, da kwalbar wani koren ruwa. A ƙarƙashin wani dutse aka nuna mini ita. Turawa na kiranta flame scallop. Ɓawo biyu ne a haɗe, girmansu bai wuce tafin hannu ba, idan ta buɗe sai ka ga ciki ja wur, ga wasu siraran gashi suna reto a ruwa. Farfesa ta ce uku sun mutu a hannunta, wannan ce ta huɗu, kuma tana ji da ita. Koren ruwan shi ne abincinta, a firji ake ajiye shi, da sirinji ake fesa mata kusa da baki. Gishirin kuwa, in ji ta, ta kawo ne ko da za a buƙaci sauya ruwa. Sannan ta nuna mini wani layi a jikin gilashin ta ce idan ruwa ya sauka ƙasa da shi in ƙara. Ta kuma ba ni wani ɗan abin awon gishirin ruwa mai kama da guntun bututu, na jefa shi a durowa ina cewa na gane.

Surukata, Hajiya, ta leƙa akwatin bayan sun tafi, ta ce wa 'yarta, "Wannan ai amarya ce. Ga jan baki, ga ɓuya a ɗaki." Daga ranar sunanta ya koma Amarya.

Ni da Hajiya ba ma haɗa ido. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa kama sunana ba. A Katsina wannan ba wuya, gida da faɗi. Amma a gida mai ɗaki biyu a hawa na goma sha huɗu, sai ka ga muna falo ɗaya, tsakaninmu taku uku, amma saƙo sai ya bi ta bakin matata.

Da zafin Kuala Lumpur da fankar nan, kullum ruwa sai ya sauka. Ni kuma na zauna na yi tunani irin na masu ilimi: halittar teku ce, ruwan teku take so. Don haka kowace safiya sai in haɗa gishiri da ruwa a bokiti, in motsa da kyau, in cika mata har layi. Ina yi ina jin daɗin kaina.

Kwana biyar, Amarya ta fara janye gashinta. Kwana bakwai, jan ya fara koɗewa. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ina kallon gilashin nan kundina nake gani a ciki. 'Yan uwa ɗalibai da suka zo barka kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a yi mata tofi, wani ya ce loneliness ne, a nemo mata miji, wani kuma ya tambaya ko halal ce idan ta mutu. Ni dai na yanke cewa kewar teku take yi, sai na ƙara cokali biyu na gishiri a bokitin.

A ranar ne matata ta same ni ta ce, "Inna ta ce wai gishirin Amarya ya yi yawa."

Na ce, "Haba! Ki ce wa Hajiya na gode, amma wannan science ne, ba miyar kuka ba ce."

Ta dube ni ta ce, "To, Dakta." Kuma yadda ta ja kalmar, da ina da wayo da na tsaya.

Bayan kwana biyu sai wani abin mamaki ya fara faruwa. In tashi da safe in ɗauko bokitina, in tarar ruwa yana kan layi daidai, babu wurin ƙari. Washegari ma haka, har ma wani lokaci ya ɗan haura. Amarya kuma ta fara sakin gashinta, jan ya fara dawowa. Ban yi wata-wata ba na danganta abin da addu'ata da kuma cokali biyun nan. Har a masallaci na ba da labari, ina ce wa mutane ruwana ya daina ƙafewa. Wani injiniya ya yi mini kallon tausayi, na ɗauka hassada ce.

Ranar wata Talata na fita zuwa jami'a, sai da na kai tashar jirgin ƙasa na tuna na bar katin shiga jirgin a gida. Na dawo, na buɗe ƙofa a hankali don kada in tashi jaririya. Me zan gani? Hajiya durƙushe a gaban akwatin, jaririya goye a bayanta, ga jarkar ruwan da muke tarowa a injin tace ruwa na ƙasan bene. Ta ɗebi na akwatin kofi ɗaya ta juye a roba, ta zuba na jarka a madadinsa kaɗan-kaɗan, sannan ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, tana auna abin a harshenta.

Ta gan ni, na gan ta. Matata tana banɗaki, babu mai kai saƙo. Ni na kafa ido a ƙasa, ita ta kafa nata a bango. Can sai ta ɗan juyar da kai wajen jaririyar da ke barci ta ce, "Ke 'yar nan, tambayar mini babanki. Idan miya ta daɗe a wuta ta tsotse, gishiri ake ƙara mata ko ruwa?"

Na ce wa jaririya, "Ki ce mata ruwa."

"To tambaye shi, da ruwan ke tashi sama, da gishirin yake tafiya?"

Wallahi a nan na gane kuskurena. Ruwa ne kawai ke ƙafewa, gishiri yana nan inda yake, ni kuwa kullum ina ƙara masa wani. Ashe mako guda na yi ina jiƙa Amarya a gishiri kamar mai shirin yin kilishi. Hajiya ta ci gaba da gaya wa jaririya cewa tun ranar da aka kawo akwatin ta ɗanɗana ruwan, don ba ta yarda mai hankali zai ajiye ruwan gishiri a falo ba, kuma harshenta bai manta ba. Da aka mayar mata da saƙonta, sai ta ga ba za ta yi musu da suruki ba, kuma ba za ta zuba ido karatun mijin 'yarta ya mutu a cikin gilashi ba. Shi ya sa take jira in fita, ta gyara a hankali don kada sauyin ya gigita Amarya, da asuba kuma ta riga ni cikawa.

Na durƙusa har ƙasa na ce wa jaririya ta ba kakarta haƙuri. Jaririya ko motsi ba ta yi ba.

Da Farfesa ta dawo, ta nemi abin awon nan, na zaro shi daga durowa da ledarsa ba a ko buɗe ba. Ta ɗiga ruwa, ta leƙa, ta ce daidai yake cif. Amarya kuwa ta buɗe baki ja wur. Farfesa ta tambaye ni yadda na yi ba tare da awo ba. Ƙarya ta zo mini har leɓe, ga sa hannu ina nema, amma ina jin motsin Hajiya a kicin. Na faɗi gaskiya tun daga bokiti har cokali biyu. Farfesa ta yi dariya har da hawaye, ta shiga kicin ta rungume Hajiya, babu mai jin yaren wata. Bayan kwana uku ta sa hannu, bisa sharaɗin in ƙara layi ɗaya a shafin godiya.

Layin yana nan a kundina, kuma ko a can ban iya kama sunanta ba, sai na rubuta "kakar 'yata". Abin da na koya shi ne, wanda ke jin kunyarka ba ya faɗa maka gaskiya sau biyu. Tun daga lokacin, duk saƙon da ya fara da "Inna ta ce", ajiye abin da ke hannuna nake yi in saurara.