Ragowar 'Ya'yan Boris a Gwangwani

Kar-a-yar ake ce masa a layin masu gyaran inji, kuma da guminsa ya ci sunan. Shagonsa gwangwanayen madara ne tun daga ƙasa har rufi: wannan na noti, wancan na lanƙwasassun ƙusoshi da za a miƙe wata rana, na can sama kuwa shi kansa ya manta abin da ke ciki, amma ka taɓa ka ga ɓacin rai. Matarsa takan ce da ana wanke hayaƙi a sake amfani da shi, da tuni ya nemo masa gwangwani. Ba rowa ba ce, don mutum ne mai kyauta. Zuciyarsa ce kawai ba ta iya ganin ƙarfe mai sauran rai a bola.

Yayansa ne ya koya masa sana'a, a kan wani tsohon injin washi, irin wanda ake wasa haƙoran injin yankan ƙarfe da shi. Da idon Yaya ya tafi, aka lulluɓe injin da tamfol a bayan shago, ya yi shekaru yana shan tsatsa. Ana nan sai 'yar Yaya, wadda ta gaji hannun ubanta, ta tashi buɗe nata wurin, kuma ba ta da abin farawa sai injin nan. Yaya ya ce mata, "Ki bar wa baffanki gyaran. Ban yarda wani hannu ya taɓa shi ba."

Teburin injin, wato gadon ƙarfen da ake ɗaure abin washi a kai, kan 'ya'yan boris yake tafiya, ƙananan ƙwallayen ƙarfe jere cikin kwari biyu. Ƙa'idarsu ɗaya ce, kuma babu wanda ya kai Kar-a-yar faɗa wa mutane ita: in za a canza, a canza duka. Tsohuwa ta riga ta cinye, sabuwa ta ɗara ta kauri da abin da bai kai silin gashi ba. In aka gauraya, sababbin kaɗai za su ɗauki nauyin tebur, su ƙwaƙule kwarin.

'Yar ta kawo sababbi cif a leda. Kar-a-yar ya ɗaga tebur, ya wanke tsofaffin da kananzir, ya baza su a faranti. Wasu sun yi baƙi sun tsattsage, waɗannan ko shi bai yi musu kuka ba. Amma kusan rabi sai sheƙi suke yi. Ya juya su, ya sake juyawa, ya tashi ya zagaya shago ya dawo. Ƙarshe dai hali ya yi halinsa. Ya mayar da masu sheƙin, ya cike gurbi da sababbi, ya juye ragowar a gwangwani wai saboda gaba. Ya sauke tebur ya ɗaure tam, ya yi ta gwaji. Da ya fara jin wani ɗan tuntuɓe a hannu, sai ya ƙara man giris, ya ce wa kansa zai saki.

Ranar ɗauka, 'yar ta riƙo hannun ubanta har gaban injin. Yaya ya shafa shi kamar mai shafa kan jika, ya ɗora tafin hannu a kan tebur, ya tura a hankali. Ya dawo da shi. Ya sake turawa, ya tsaya daidai inda Kar-a-yar yake addu'ar kada ya tsaya.

"Ƙane," in ji shi, "ba ni tsofaffin da ka cire, in riƙa juyawa a hannu in ina zaune."

Gwangwani ɗaya ne, kuma a nan ya haɗa su duka, tsofaffin da ragowar sababbin. Kar-a-yar ya miƙa. Yaya ya lalubo ɗaya ya murza tsakanin yatsu. Sumul take, da man kamfani a jikinta. Ya lalubo wata, ita ma haka. Kunya ta rufe Kar-a-yar tun daga wuya har tafin ƙafa, ya rasa inda zai sa idonsa, alhali mai kallon nasa ba ya gani.

"Baba, lafiya?" in ji 'yar.

"Kwarin ya ci," Yaya ya ce. "Ba zai yi miki washi mai kyau ba. Tun zamanina ne, ni na bar shi babu mai. Baffanki ya yi iyakar yinsa."

'Yar ta kalli injin da ta riga ta share wa wuri. Kar-a-yar ya buɗe baki zai yi magana, Yaya ya danna masa gwangwanin a hannu, ya matse yatsunsa a kai da ƙarfi.

'Yar ta rusuna.

"Sannu da ƙoƙari, Baffa. Allah ya saka da alheri."

Ya kasa cewa amin.