Ƙoƙon Iya da Wuyan Riga

Hajara, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. Ke kika yi makaranta, ni ce na ga abin.

Sau biyu ke nan ina warware wuyan rigar sanyin nan. Jibi sunan jaririn da 'yata Rabi ta haifa a Rogo, kuma sunan Malam za a sa masa, mijina da ya rasu wata biyar da suka wuce. Jikin rigar ya yi, hannuwa sun yi. Wuyan ma na saƙa shi yadda ake yi don ya riƙa miƙewa, zare ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya. Amma da na zo rufe baki sai hannuna ya ɗaure zaren tamau. Na tura ƙoƙo ta ciki, ya ƙi wucewa. In ƙoƙo bai wuce ba, kan jariri ba zai wuce ba.

Gwajin ƙoƙon nan na Iya ne, kakata ta wajen uwa. A Ruwan Bago muka tashi a gabanta. Ita ba ta san ulu ba, auduga take kaɗawa, ta ɗinka wa jarirai 'yan riguna. Bayan an ci tuwo sai ta tura kara a murhu, mu kewaye ta, mazari na juyawa a hannunta.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta.

Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Akwai tatsuniyar da ta fi yi mana. Wata mata ce 'ya'yanta ba sa zama, sai Allah ya bar mata ɗaya. Don tsoro ta ɗinka masa riga mai matsattsen wuya, ta ce muddin rigar na jikinsa ba abin da zai raba su. Yaro ya yi ta girma, wuyan riga yana nan yadda yake. Muryarsa ta shaƙe, ko fura ba ta wucewa. Wata tsohuwa a bakin rijiya ta ce mata ta tsinke zare ɗaya kawai. Ta yi kwana uku tana kai hannu tana janyewa. Ran na huɗu ta tsinke. Yaro ya tuɓe riga, ya ruga waje da gudu, ta zauna tana kuka.

Nan Iya takan koma gyaran wuta, har sai mun dame ta.

"Da magariba sai ga shi, yana cewa Inna, yunwa."

Sauran yara suka yi dariya. Ni na ce, "Iya, in da bai dawo ba fa?"

Ta dube ni. "Ke uwar tambaya. Da rigar a wuyansa ma ai tafiya zai yi, wadda ba a dawowa."

Ban gane ba. Na ɗauka labarin ɗinki ne.

Rubuta wannan ma, ko da zan yi kuka. Da ciwon Malam ya yi tsanani, ba abin da yake roƙo sai a kai shi gonarsa ta Jajaye ya ga gyaɗarsa. Ya ce ko a bayan babur ne, ya tsaya a bakin gona ya duba ya dawo. Na hana. Na ce iska za ta buge shi. Har takalmansa na ɓoye a bayan randa. Ya ce, "Haba, uwar Rabi, gona ce fa." Na ce in ya warke. An cire gyaɗar bayan kwana arba'in ɗinsa. Takalman suna nan inda na sa su, na kasa ɗagawa.

Tun daga ranar ban iya zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in ɗauki saƙa, in ajiye. Duk abin da na riƙe sai na matse shi.

Miƙo mini tsinken saƙar nan mai kauri, da shi zan rufe bakin. Ki riƙe mini zaren sako-sako, in kin ga ina ja, ki bugi hannuna, na yarda.

To. Ba ni ƙoƙon.

Ya wuce, Hajara. Duba, ya wuce, wuyan kuma ya koma yadda yake.

Jibi zan sa wa maigidan nawa sabo rigarsa da hannuna. In ya yi ƙafa ya ce zai je gona, ni zan ɗauko masa takalmi.