Keken Ɗinkin Mukhtaru Gwaram

Mukhtaru Awwalu Gwaram, an haife shi ranar uku ga watan Rajab, shekara ta 1331 bayan Hijira. Ya iso Makka ta Sudan yana saurayi, ya zauna a Misfala, kuma da keken ɗinki guda ɗaya ya ci, ya sha, ya yi iyali.

Masu gidajen unguwar sukan fitar da 'yan haya idan aikin Hajji ya gabato, domin alhazai sun fi biya. Saboda haka, kowace shekara Mukhtaru yakan kama ɗakin ajiya a unguwar Jarwal, wurin wani ɗan kasuwa mai suna Ja'afaru, ya kulle kayansa da kwaɗonsa na kansa, ya tafi Mina yin dako.

A Hajjin 1385, wato 1966, ƙafarsa ta karye a Mina. Jinya ta yi tsawo har wa'adin hayar ya wuce. Da ya fara takawa, ya dogara sanda ya nufi Jarwal. Ja'afaru, haifaffen Makka wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya tarye shi a ƙofa, yana kiransa ammi, wato baffa da Larabci.

"Ya ammi, ka daɗe. Wani yana jiran ɗakin."

"Kayana na zo kwashewa, ba kwana na zo yi ba."

Mukhtaru ya sa mabuɗi, kwaɗo ya buɗe. Tabarma tana nan, tukunya tana nan, har almakashi. Keken ne babu, sai gurbin ƙafafunsa a ƙasa.

"Wallahi ban taɓa ba," in ji Ja'afaru. "Kwaɗonka ne, lafiyarsa ƙalau. Ka gani, ammi?"

"Na gani," in ji Mukhtaru, ya naɗe tabarmarsa.

Bai tuhumi Ja'afaru ba, bai kuma wanke shi ba. Hausawan Misfala suka yanke hukunci da kansu: suka daina kai masa ajiya, 'ya'yansu suka riƙa kiransa harami, wato ɓarawo, a hanya, har ya rufe wurin. Shi kuwa Mukhtaru ya koma yin faci da allura a bakin titi, har idonsa ya gaza. Ya rasu a shekarar 1389, a zauren wani.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, kwaɗon nan mabuɗi biyu gare shi. Na biyun yana hannun ɗansa tilo, Rabi'u, wanda ya koma Jidda tun mahaifinsa yana kwance yana jinyar ƙafar.