Hannun da Na Ce Ka Cire Daga Bayana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, ashirin da ɗaya ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya yi wa Malam Ɗahiru Abubakar na Gyaɗi-Gyaɗi rasuwa, bayan zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar. Ma'aikacin jinya ne a asibitin koyarwa. Mu 'yan takalmin taya Likita muke ce masa, ni kuma Yaya Ɗahiru nake ce masa.

Sunana Lawan, lebura ne ni a wani gidan bulo a Unguwa Uku. Ban yi karatu mai nisa ba, kuma ban taɓa rubuta abu mai tsawo haka ba. Amma akwai maganar da na gaya masa a gaban mutum goma sha biyu, ban janye ta ba har ya tafi. Tunda a gaban mutane na faɗe ta, a gaban mutane ya kamata in janye.

Yaya Ɗahiru, watana biyu da zuwa Kano na fara ganinku. Ranar Lahadi ce, an idar da sallar Asuba, gari ya fara haske, ina bakin titi ina jiran mai shayi ya hura wuta. Sai ga mutane a jere, ɗaya bayan ɗaya, sun sunkuya, hannuwa a baya, suna tafiya a kan kwalta ba ƙarar inji. Wallahi na ɗauka idona ne. Ban san lokacin da na bi ku da gudu ba, da silifas. Kai ne na ƙarshe a layin. Ka waiwayo, ka ja birki, kana dariya.

Ka ce, "Samari, bin mu kake ko koro ka aka yi?"

Na ce ina so in ga ƙasan takalmin ne.

Ka ɗaga ƙafa ka nuna min tayoyi huɗu a jere. Ka tambaye ni lambar ƙafata, na ce ban san ƙafa tana da lamba ba. Ka tsinci wani tsinke a ƙasa ka auna ta, ka karya, ka sa a aljihu. Lahadin da ta biyo baya ka zo min da tsohon takalminka a leda, ka cusa soso a bakinsa saboda ya ɗan fi ni.

Sati biyu ba ka bar ni na yi gaba ba. Faɗuwa kawai kake koya min a wani fili a Tarauni. Ka ce wanda bai iya faɗuwa ba, bai kamata ya hau titi ba. In faɗi ta gaba, kar in faɗi ta ƙeya. Gwiwoyina duk suka kwaile, kai ne kake wanke min kana shafa jan maganin nan mai zafi. In na yi ihu sai ka ce, "Haba Lawan, mai ɗaukar bulo biyu a kai!"

Da na shiga layi, ku kuka koya min yadda ake yi. Na gaba shi ake kira kan layi, shi ke shan iska, shi ke ganin hanya. In ya ga abu sai ya ɗaga murya, "Rami!" ko "Yashi!" ko "Adaidaita a hagu!" kowa ya miƙa wa na bayansa har maganar ta iso ƙarshe. Na ƙarshe kuma shi ne wutsiya. Abdulmalik, ɗan jami'ar nan da muke ce wa Koci, shi ya fi zama a kan layi. Kai kullum wutsiya, ni kuma a gabanka.

Burin kowa a lokacin shi ne Wudil. Kowane sati ana ƙara nisa, daga Gyaɗi-Gyaɗi mu bi ta Hotoro, mu wuce Mariri, mu juyo. Ni ƙauyenmu yana gaba da Wudil kaɗan, don haka ba wanda ya kai ni zumuɗi. Har na aika wa ƙannena cewa su fito bakin gada ranar, za su ga abin mamaki.

To ga inda na yi wauta. Duk sanda muka yi nisa, ko hanya ta fara hawa, sai in ji tafin hannunka a ƙuguna, kana ɗan tura ni. Ba wanda ya taɓa yi min bayani, ni kuma ban tambaya ba. A zuciyata na ce mutumin nan ya gaji da ni, so yake in matsa. Kuma ga abin da ban taɓa gaya muku ba: kafin in zo Kano, jaki nake kora, ina ɗebo yashi daga rafi. In jaki ya ƙi hawa gangare, haka ake sa masa hannu a baya a tura shi. Duk ranar da hannunka ya sauka a bayana, jakin nan nake tunowa.

Har ma ina ganin na fi ka gudu. Na ce ai da ka iya da ba a bar ka a baya ba kullum. Allah ya yafe min.

Ranar da abin ya faru, mun tsaya hutawa a gindin wata bishiya gaba da Mariri, ana shan ruwan leda. Sadiq, wanda bakinsa ba ya shiru, ya dube ni ya ce, "Lawan, yau ma Likita ne zai koro ka gida? Jakin Likita!"

Aka yi dariya. Ba da mugunta ba, yanzu na sani. Amma kaina ya ɗau zafi. Maimakon in amsa wa Sadiq, sai na juya kanka, kai da ba ka ce komai ba.

Na ce, "Yaya Ɗahiru, daga yau ka daina sa min hannu a baya. Ni ba jaki ba ne. In sauri kake yi, ga hanya nan, ka wuce."

Koci ya buɗe baki zai yi magana, ka ɗaga masa hannu. Ka dube ni, ba fushi a fuskarka, ka ce, "To Lawan. Na ji."

Muka juyo. Ka haɗe hannuwanka biyu a baya kamar kowa. Ba mu yi nisa ba iska ta taso ta gabanmu, na ga na gabana ya fara yi min rata. Taku ɗaya, taku biyar, sai ga layin can yana ƙanƙancewa. A nan na gane. Duk nisan da nake taƙama da shi watannin nan, rabinsa ba ƙafata ta yi ba. Ƙarfinka kake raba wa biyu kana ba ni.

Na zauna a kan wani kwalbati kafin Hotoro, numfashi yana neman ƙwace min. Ka tsaya a bayana, ba ka wuce ni ba ko da taku ɗaya. Ka ciro dabino uku ka miƙo min.

Ka ce, "Huta abinka. Na wutsiya ba ya wuce kowa, dokar kenan."

A wurin nan ya kamata in ce ka yafe min. Kalma uku ce. Tana bakina, kunya ta danne ta. Na cire takalmin, na tare adaidaita na hau ba sallama. Da muka yi gaba na leƙa ta baya, sai na gan ka kana bin mu a kan tayoyinka, hannuwa a baya, adaidaitan yana gudu kana tare da shi kamar wasa. Ba ka juya ba sai da ka ga na sauka a Unguwa Uku. Mutumin da na ce na fi shi gudu kenan.

Lahadi uku ban fito ba. A sati na biyu ka zo gidan bulo da fararen kayan aikinka. Ina hango ka na ɓuya bayan jerin bulo, na ce wa Bello abokin aikina ya ce ba na nan. Ina jin muryarka, tsakaninmu bai fi taku shida ba.

Ka ce, "To, in ya dawo ka ce masa tayoyinsa na baya sun cinye ta gefe ɗaya, ya juya su. Kuma ka ce masa ba a tafi Wudil ba tukuna, ana jiransa."

Bello ya ce min silifas ɗina na nan a fili bakin bulon, ka kalle su ka yi murmushi kafin ka tafi. Ka san ina nan. Ba ka tona ni ba.

Na ce a raina zan zo gidanka ranar Juma'a. Juma'a ta zo, na ce sai Lahadi. Ban ma san ka kwanta ba. Ranar Laraba ina kwaɓa siminti, saƙon murya ya shigo wayata, Koci ne, yana magana yana tsayawa. Sau uku na saurara kafin na yarda da abin da kunnena ya ji.

Na iso ƙofar gidanku da siminti a ƙafata, ana yi maka wanka a ciki. Na raɓe can gefe, ina kunyar 'yan layi. Sadiq ne ya taso ya zo ya riƙe hannuna, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Lawan, ka san dalilin da na ce maka jakin Likita? Ni aka fara gaya wa. Shekara guda yana tura ni. Koci ma haka. Duk wanda ka gani a layin nan, hannun nan ya taɓa bayansa."



Bayan Azahar aka yi maka salla, aka ɗauki makara zuwa maƙabarta. Jama'a sun yi yawa, 'yan asibiti, 'yan unguwa, har da mutanen da ka yi jinya. Ana tafiya da sauri ana karɓa-karɓa. Ban san yadda aka yi ba, ba wanda ya shirya, sai na ga 'yan layinmu sun jeru a gefen makarar yadda suke jeruwa a titi, Koci a gaba, Sadiq a tsakiya. Har da aka zo wani rami a lungu, Koci ya ce "Rami" a hankali, maganar ta biyo baya baki zuwa baki, ta iso ƙarshe ta rasa mai karɓa. Wurinka ne babu kowa.

Na matsa na shiga. Kafaɗata ba ta samu wuri ba, sai na sa tafin hannuna a bayan makarar. Ban cire shi ba har bakin kabari. Iyakar abin da na iya rama maka kenan, Yaya Ɗahiru, kuma ba ka sani ba.

Na janye maganata. Ku da kuke gindin bishiyar nan ranar, ku zama shaida. Hannun nan ba na kora ba ne, ni ne ban gane ba. Na juya tayoyin kamar yadda ka ce. Ran Lahadi zan fito, ko ban kai Wudil ba, kuma duk wanda ya sa min hannu a baya zan ce masa na gode.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, mahaifiyarka, da matarka Anti Bilkisu, da 'yarka Fiddausi da take kawo mana ruwa ƙofar gida in mun dawo, da abokan aikinka, da 'yan layi gaba ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Inna, in wannan ya iso kunnenki, ki yafe min a madadinsa.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Kai da ba ka taɓa wuce kowa a hanya ba, ina roƙon Allah, ranar da za a hau siraɗi, ya sa ka wuce kamar walƙiya, ba sai ka tsaya jiran kowa ba. Amin.