Dutsen Tsakar Gidana

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a Gada Biyu, nan Jos, Allah ya hore mini na sayi fili a Tudun Wada. Filin ya yi araha, dalilin arahar kuma yana zaune a tsakiyarsa: wani shimfiɗaɗɗen dutse, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, daidai inda na tsara yin falo. Ni kuwa tun ina yaro an san ni da kafiya. Na ce ba za a ɗora bulo ko ɗaya ba sai dutsen nan ya tashi.

A lokacin haya muke yi, ni da iyalina da mahaifiyata. Ɗakinta danshi gare shi, ga ciwon gwiwa, ga sanyin garin nan. Burinta ɗaya ne, ba ta kuma ɓoye shi: ta kwana a gidan ɗanta kafin ta bar duniya.

Na ɗauko masu fasa dutse. Yadda suke yi, a tara tsofaffin tayoyi a kansa a cinna wuta, in ya yi zafi a kwara masa ruwa, sannan a hau shi da guduma. Sai ga ni ina bin masu faci ina roƙon taya. Tela guda, kullum in koma shago baƙi ƙirin kamar mai sayar da gawayi, har wata mata ta fizge farin leshinta ta ce kada in kuskura in taɓa. Shi kuwa dutse sai ya ɗan zubar da ɓawo, ya ci gaba da zamansa. Da aka haƙa gefensa, ashe abin da ke ƙasa ya fi na sama.

Damina ta shigo ta fita muna abu ɗaya. Maƙwabcina, wani Ibo mai shagon kayan masarufi, hayaƙi ya ishe shi. Ya ce, "Oga tela, wannan dutse ya riga ka zuwa Jos fa. Kullum wuta, kullum hayaƙi, matana yana tari. Abeg, ka bar shi." Na ce masa ai filin nawa ne. Washegari ma na ƙaro tayoyi.

Wata ranar Juma'a mahaifiyata ta ce in kai ta ta ga abin da ya hana gini. Na ɗauko keke mai ƙafa uku muka je bayan la'asar. Ta dogara sandarta ta zagaya dutsen, sannan ta share gefe da bakin mayafi ta zauna.

"Kai, ɗumi gare shi," in ji ta. Can ta dube ni. "Ɗan nan, dole sai a nan falon zai zauna?"

Na ce, "Inna, haka aka tsara."

"Wa ya tsara?"

"Ni."

Ta murza gwiwa. Sannan ta ce, "To, ni dai ban ce ka fasa ba. Amma ban sani ba ko zan iya jiranku, kai da shi."

Maganar ta soke ni. A makon na sallami masu guduma, na kira magini na ce ya jera ɗakuna su kewaye dutsen. Falo ya fito ɗan tsukuku, a karkace, har yau abokaina suna tsokanata cewa na yanka gida kamar wuyan riga. Amma kafin wata daminar mun tare.

Dutsen nan ya zama nata. A kansa take shanya kuɓewa da tattasai. Da hantsi ta miƙe ƙafa a kai tana jan carbi, jikoki suna hawa suna sauka. Ba ta daɗe sosai ba Allah ya karɓi abarsa, a ɗakinta, a gidan ɗanta. Duk sanda na tuna cewa da na ci gaba da ƙona taya, da a ɗakin haya za ta cika, sai gabana ya faɗi.

Ban daina kafiya ba, matata shaida ce. Sai dai yanzu in abu ya tare mini hanya, nakan fara tambayar kaina wa nake sa jira.

Kwanaki wani mai injin fasa dutse ya zo aiki a layinmu, ya leƙo ya ce yini ɗaya ya ishe shi ya share mini tsakar gida. Na yi masa godiya, na ce ya bar shi, wurin zaman Inna ne.