Lallen Inna a Cikin Taya

A gidanmu na Ƙofar Doka, lallen Inna da zogalenta a wurin alwala suka tsiro. Sau biyar a rana suke shan ruwa, babu wanda ya taɓa ɗaukar bokiti dominsu. Tsuntsaye kuwa, sai ka ce kasuwa.

Sai Yaya ya dawo daga jami'ar nan ta unguwar Kongo da digiri, wai wannan ƙauyanci ne. Ya tumɓuke su, ya dasa a tsofaffin tayoyi can jikin katanga.

Kwana tara suka bushe ƙayau. Ko ƙadangare ya daina leƙo mu.

Inna ta ce, "Sannu Malam mai digiri. Tayar zan daka in yi ƙunshi?"

Da Sallah, Innar da a da duk unguwa ke tsinkar lalle a wajenta, sai maƙwabta ta je roƙo.